Akun Baba Bai Daina Tashinmu Sallar Asuba Ba

Assalamu alaikum Anti,

Daga Funtuwa nake rubuto miki. Yau kwana 70 da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa. A zamanin ƙarfinsa direban babbar mota ne, yana ɗauko manja da katako daga Kudu, a wata tafiyar ce ya dawo mana da aku-kuturu ina 'yar shekara 7. Yanzu shekarata 26. Ɗan Kalaba muke ce masa. Duk tsawon shekarun nan kejinsa a barandar Baba yake rataye, Baba ke ba shi gyaɗa da masara da hannunsa, wani lokacin har ya gutsuro masa goro.

Tun da aka yi rasuwar, da ladani ya kira assalatu sai akun nan ya yi gyaran murya irin na Baba, ya ce, "Ku tashi, gari ya waye." In ya ji ana kaɗa cokali a kofi sai ya ce, "Hajiya, a rage sukari." Muryar Baba sak, har da tarinsa. Hajiyarmu tana takaba, duk lokacin da ta ji sai hawaye. Da aka yi kwana 40 sai Babban Yayanmu ya sa aka sauke kejin aka kai sito, aka lulluɓe shi da tsohon bargo. Wata guda ke nan. Yanzu ya fige gashin ƙirjinsa da na cinyoyinsa tas, abinci sai ya ga dama, magana ta ɗauke, sai wani irin ihu cikin dare.

Yaya ya ce wani dillalin tsuntsaye ya yi masa tayi mai tsoka, a sayar a huta. Gwaggo ta ce ba aku ne ke magana ba, kurwar Baba ce ta ƙi kwanciya, a fitar da shi daga gidan. Wani maƙwabcinmu kuma ya ce a buɗe masa ya tashi, Allah Ya kai ladan kabarin Baba. Ni ba na son rabuwa da shi, amma ina jin kamar son kai nake yi tunda Hajiya ce ke shan wuya. Ga aurena bayan Babbar Salla, zan bar gidan. Ina mafita?

Ƙanwarki a Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba Hajiya da ku duka haƙurin rashinsa.

Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ajiye wayar ki je sito ki yaye bargon nan. Sauran maganganun za su iya kwana, wannan ba za ta iya ba. In kina gudun Yaya ya ga kin tsallake maganarsa, ba sai kin mayar da kejin barandar Baba yau ba. Kai shi ɗakinki, kusa da taga, inda zai ga haske ya ji motsin mutane. Ki canza masa ruwa, ki zauna kusa da shi ko da kina tsintar shinkafa ne. To, in kin dawo sai mu ci gaba.

Na karanta wasiƙar taki har sau uku ina neman abu ɗaya ban samu ba. Na ji ta bakin Yaya, na ji ta Gwaggo, na ji ta maƙwabci, har taki na ji. Ina ta Hajiya? Kin ce tana hawaye in ta ji muryar. Ba ki ce ta buɗe baki ta ce a ɗauke mata shi ba. Mu 'ya'ya haka muke, da mun ga hawaye a idon uwa sai hankalinmu ya tashi, mu ruga mu kawar da abin da muke zaton shi ya jawo, don mu kanmu mu samu sauƙin kallo. Amma kuka kashi-kashi ne. Akwai mai cin mutum, ya hana shi barci ya hana shi abinci, akwai kuma wanda in an yi shi ƙirji ke yin sakayau. Matar da ta shafe shekaru tana haɗa wa mutum shayi yana ce mata ta rage sukari, ranar da aka wayi gari babu mai faɗa mata haka, kina ganin shirun ba ya sa ta kuka? Yana sawa mana. Sai dai wannan a ƙuryar ɗaki take yinsa, ba mai gani, shi ya sa kuka ɗauka an samu sauƙi.

Ni da nake ba ki shawarar nan, akwai saƙon murya a wayata na yayata da ta rasu. Bai kai minti ɗaya ba, ba kuma wata muhimmiyar magana ce a ciki ba, tambayata take yi nawa kwanon wake yake a Dawanau. Sau biyu ina canza waya, kuma kowane lokaci shi nake fara tabbatarwa an kwashe mini. Ban taɓa kunna shi ban yi hawaye ba. Da wani zai goge mini shi wai don tausayina, da mun daina shan inuwa ɗaya. Ban ce Hajiyarku haka take ba. Mai yiwuwa ita da gaske muryar fama mata miki take yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a tambaye ta.

Tambayar kuwa tana da salo. Kada ki yi ta a gaban Yaya ko Gwaggo, don mace mai takaba da kawaici ba abin da za ta ce sai "duk yadda kuka yi daidai ne." Ki bari sai bayan isha'i, ku biyu, kina matsa mata ƙafa. Kada ma ki ce mata a sayar ko a bari. Ki ce, "Hajiya, Ɗan Kalaba fa ba lafiya, ya fige jikinsa, ya daina ci." Sai ki yi shiru ki ga abin da za ta yi. In ta jawo mayafi ta ce mu je in gan shi, kin samu amsarki. In ta ce ba za ta iya jin muryar nan ba yanzu, ki karɓa hannu bibbiyu, amma ki riƙe kalmar nan "yanzu". Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ita kuwa rabi kaɗai ta ɗan haura. Zuciyar kwana 70 daban take da zuciyar shekara guda, kuma abin da aka miƙa wa dillali ba ya dawowa. Hawayen kansu ba abin tsoro ba ne a addini. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido yana zubarwa, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi.

Maganar Gwaggo ba za ta ɗauke mu lokaci ba, sai dai a amsa mata da ladabi, don ita ma ɗan'uwanta ta rasa, kuma jin muryarsa daga bakin tsuntsu da duku-duku zai tayar wa kowa tsikar jiki. Tunanin nan nata tsoho ne ƙwarai. Larabawan jahiliyya sun ɗauka mamaci yana komawa wani tsuntsu irin mujiya da suke kira hama, ya riƙa kuka a kan kabarinsa. Manzon Allah ya rushe wannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ya kore camfi ya kuma kore hama. Baba yana inda Allah Ya ajiye shi, addu'arku ce ke iske shi. Abin da ke cikin kejin nan tsuntsu ne da Allah Ya hore wa kunne. Sautinsa daga can ƙasan bututun numfashi yake fitowa, daidai inda ya rabu biyu zuwa huhu, sai ya gyara shi da harshen nan nasa mai kauri, shi ya sa yake iya kwaikwayon ƙarar ƙofa, da kukan waya, da tarin dattijo. A kurmi garke-garke suke rayuwa, kowanne yana koyon kiran 'yan garkensu. Wanda ya tashi a cikin mutane, mutanen ne garkensa, Baba kuma shi ne na hannun damansa. Shekara 19 yana jin kiran salla, gyaran murya ya biyo baya, sannan "ku tashi". Yanzu kiran sallar yana zuwa, gyaran muryar ba ya zuwa, sai shi ya cike gurbin. A nawa ganin ma cigiya yake yi, don haka suke yi a daji in aboki ya ɓace wa ido, su yi ta kira har sai an amsa.

Kada kuma a ɗauke shi rediyo mai maimaita abin da aka ɗura masa. Wata mai bincike a Amurka, Irene Pepperberg, ta sayi irin wannan akun a 1977 ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga abubuwa har shida. Mai irin wannan kan ne aka rufe a duhun sito wata guda cur, kwana 40 bayan ya rasa wanda ya fi shaƙuwa da shi. Da bai fige kansa ba ne zan yi mamaki.

Maƙwabcinku niyyarsa kyakkyawa ce, amma in an bi shawararsa tsuntsun mutuwa zai yi. Da kurciya ce ko kanari da yara suka kama jiya da tarko, sai in ce a buɗe yanzun nan. Ai a ruwayar Abu Dawud, da Manzon Allah ya ga wata tsuntsuwa tana zagaye tana karkaɗa fiffike saboda an ɗauke mata 'ya'ya biyu, cewa ya yi a mayar mata da abinta. Aku-kuturu kuwa ba ɗan ƙasarmu ta Arewa ba ne. Gidansa kurmi ne mai ruwa da lema, irin na Kuros Riba da kudancin Kamaru da Gabon da Kwango, inda yake ƙyanƙyasa a kogon manyan itatuwa yana cin kwakwar manja. Naku ya yi shekara 19 a keji, fiffikensa ba ƙwari, ƙirjinsa a fige, bai san inda ake samun ruwa ba in ba a gwangwani ba. In kun sake shi a Funtuwa, iyakarsa katangar maƙwabta ko darbejiyar ƙofar gida. Shaho yana nan, kyanwa tana nan, yara masu danƙo suna nan. In kuwa wani ya cafke shi da rai, gobe yana hannun dillali, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

In lada ta hanyar tsuntsaye ake nema wa Baba, ga mai sauƙi. A samu kasko a ajiye a gindin bishiya a tsakar gida, a riƙa cika shi da ruwa kullum, a watsa ɗan gero a gefe. Da bazara ta kankama, wajen Maris zuwa Mayu, za ki ga yadda kurciyoyi da ƙananan tsuntsaye za su riƙa sauka layi-layi. Hadisi ya tabbata cewa akwai lada a shayar da duk wani mai ɗanyar hanta. Aiki ne da Hajiya za ta iya yi ba tare da ta taka ƙofar gida ba. A dai nisanta kaskon daga kejin, haka ma kaji, saboda cututtuka irin su murar tsuntsaye.

Saura Yaya, kuma tasa ce mai nauyi tunda shi ke riƙe da gidan. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne akun nan dukiyar marigayi ce, ya shiga gado kamar yadda mota ko akuya za ta shiga. Yaya ba shi da shi shi kaɗai, ke ma son da kike masa bai mallaka miki shi ba. Hajiya tana da tumuninta a ciki, kowane ɗa da 'ya da rabonsu. Kafin a raba ba wanda zai sayar da wani abu gaban kansa sai da yardar sauran, in kuma akwai bashi a kan Baba shi ake fara saukewa. Nan hanyarki take. Ranar da malamin da zai raba gadon ya zauna, a yi wa akun ƙima ki ce a sa shi a rabonki, ko ki roƙi 'yan'uwa kowa ya yafe kasonsa a bar wa Hajiya. Na fi son ta biyun in Hajiyar tana so, don ba ɗan da zai iya buɗe baki ya ce wa uwa ba zai yafe mata tsuntsu ba.

Tayi mai tsokar nan kuma yana da dalili. Akun nan ƙarewa yake yi a daji saboda kamu da sarar kurmi. A Ghana bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin 100 sun ɓace tun daga 1992. A 2016, a taron ƙasashe kan cinikin namun daji da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, an sa shi a aji mafi tsanani, wato an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, Nijeriya kuma tana cikin masu wannan yarjejeniya. Abin da ya yi wuyar samu shi ke tsada. Dillali ba don Allah zai zuba kuɗi ba, hannu zai sauya masa, daga kwando zuwa kwali, daga wannan kasuwa zuwa waccan, kuma da yawansu a hanya suke mutuwa. Wanda ya tsira ya isa sabon gida, tsoho ne da ya saba da mutum ɗaya, cizo zai yi ta yi da ihu har sabon mai shi ya gaji ya tura shi gaba. Ban kawo wannan don a ga laifin Baba ba, lokacin da ya saya mutane da yawa ba su san da zancen ba. Ku da kuka sani dai, ko bayan ran wannan kada a sayo wani.

Akwai kuma abin da nake zargi game da Yayan naku. Namiji ne da aka mayar uba dare ɗaya, shi ke karɓar gaisuwa, shi ke lissafin hatsi, ba a ba shi wurin da zai zauna ya yi kukansa ba. Kin tabbata don Hajiya kaɗai ya sa aka kai kejin sito? Shekara nawa Baba ya yi yana tashinsa salla da kalmomin nan? Saboda haka kada ki tunkare shi da hujjoji kamar a gaban alƙali, zai ƙara kafewa ne kawai. Ki same shi shi kaɗai, ko ki bi ta wajen Baffanku in kin ga zai fi jin nauyinsa, ki ce, "Yaya, alfarma nake nema. A bar mini Ɗan Kalaba in yi jinyarsa zuwa Hajiya ta fita takaba, in ya so sai a zauna a yanke. Ko sayarwar za a yi ai ba a sayar da shi a fige haka ba." Wannan ta ƙarshen ƙofa ce kika buɗe masa ya fita ba tare da girmansa ya faɗi ba. Wata biyu ke nan kin samu.

Yanzu jinyar. Ki dubi kansa da kyau. In gashin kai da na ƙeya suna nan lafiya, ƙirji da cinyoyi ne kawai a fige, to shi ke yi da bakinsa, tunda bakin ba ya kaiwa kai. In har da kan ya zube, ko sabon gashin yana fitowa a murɗe yana karyewa, wannan alamar cuta ce, sai likita. Ni ko wanne ne zan so likitan dabbobi ya gan shi, tunda ci ya ragu. Zariya ba nisa daga wajenku, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ki ɗauke shi a kejinsa ki yafa masa zani mara nauyi, a cikin mota kusa da ke, kada a yarda a sa shi a but. Tsuntsu gwanin ɓoye ciwo ne, kafin ya nuna ya riga ya yi nisa. In kin ga ya sauka ƙasan keji ya kumbura gashi, ko jelarsa tana sama da ƙasa in yana numfashi, ko ya yini bai ci komai ba, ranar za a tafi. Kada a jiƙa masa maganin kaji na kasuwa, kada a ba shi farasitamol, kada a shafa masa basilin ko man shanu a inda ya fige. Maiƙo manne gashi yake yi, sai ya ƙara figa don ya cire.

Abincin da Baba ya saba masa da shi, Allah Ya saka masa, na ƙauna ne amma bai wadatar ba. Gyaɗa da masara kaɗai maiƙo ne da ƙiba, babu abin da fata da ƙashi ke nema. Gyaɗar ma in ta ɗan yi fumfuna guba ce gare shi, tana lalata hanta, kuma irin wannan akun ba ya jure fumfuna a huhu. Wadda za a ba shi ta zama 'yar kaɗan, mai tsabta, irin wadda ke da kanki za ki iya ci. Goro kuwa a daina sam, haka shayi da kofi da cakulan, duk suna ɗauke da abin da ke buga wa tsuntsu zuciya. Fiya ita ce ta fi haɗari, 'yar kaɗan tana iya kashe shi. Ragowar miya mai gishiri da magi da albasa ba tasa ba ce. Abin da zai gyara shi kusan duk yana kasuwarku: karas, gwanda, mangwaro, kabewa, dafaffen dankalin Hausa, ganyen zogale, dafaffen wake, gero da dawa, da ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Attaruhu ma ki ba shi, tsuntsaye ba sa jin yajinsa. In kin samu kwakwar manja ja wajen masu kayan Kudu, ɗaya a rana, ki tsaya ki kalli yadda zai riƙe ta da ƙafa ɗaya yana juyawa yana ɓare ta, abincin kakanninsa ke nan. In babu, ɗigon manja biyu a kan abincinsa ya isa. Zai ƙi sabon abu da farko, ya jefar da shi ƙasa yana hararar ki. Kada ki janye masa tsohon abincin gaba ɗaya, a hankali za ki sauya. Dabarar da ta fi ci ita ce ki ci a gabansa kina nuna kina jin daɗi, sannan ki miƙa masa da hannu. Da hannu na ce, ban da baki, don akwai cutar da ke tsallakawa daga aku zuwa mutum ta zo da zazzaɓi da tari. Saboda ita ne ma za ki yayyafa ruwa a kan kashinsa kafin ki share, kada ƙurar ta tashi, ki kuma wanke hannu bayan kin gama.

Rana ma magani ce. Irin wannan akun yana yawan fama da ƙarancin sinadarin da ke gina ƙashi, jikinsa kuwa ya fi iya amfani da shi in yana samun hasken rana kai tsaye, wanda bai ratso gilashi ba. Wanda abin ya yi wa yawa sai a ga ya faɗo daga kan sandarsa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ki yi tunanin abin da Gwaggo za ta ce in ta ga haka! Ki fitar da shi hantsi na rabin awa, rabin kejin a inuwa don ya zaɓa da kansa. Ɗan kurmi ne, iskarmu ta bushe masa da yawa, balle da hunturu, fata ta yi ta ƙaiƙayi. Ki samu sabuwar gorar fesawa wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ki fesa ruwa mai ɗan ɗumi sama da shi ya sauko masa kamar yayyafi, da hantsi, don ya bushe kafin yamma.

Hayaƙi kuma shi ne abin da gidajenmu suka fi sakaci da shi. Numfashin tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar guba nesa ba kusa ba. Turaren wuta, igiyar sauro, maganin sauro na fesawa, hayaƙin janareta da na murhu, duk a nisanta shi da su. Ki sa wannan a ranki tun yanzu saboda bikinki, lokacin da gidan zai cika da mata da kasko-kaskon turare. Kwanakin nan a kai shi ɗaki mai nisa da iska ke shiga. Da dare yana son barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru, nan ne lulluɓi ke da amfani, da zani mara nauyi, a yaye da safe.

Bakin nan nasa kuma sai an ba shi aiki, in ba haka ba gashinsa zai mayar aikin. Ki sa masa ɗanyen reshen gwaiba da aka wanke, da totuwar masara, da guntun kwali da kika ɓoye ƙwayar gyaɗa ɗaya a ciki. Ɓarna zai yi, ɓarnar ake so. In kin kama shi yana figa kada ki yi masa tsawa, kada ki rugo da gudu, don in ya gane figa ce ke kawo masa mutum ya samu sana'a. Ki riƙa zuwa wajensa lokacin da yake wasa ko yake magana. In ya yi kira daga nesa ki amsa masa ko da daga madafa ne. Gashin zai ɗauki watanni kafin ya dawo, wani wurin ma in saiwar ta lalace ba zai sake tsirowa ba.

Kin ce kina jin kamar son kai kike yi. Ƙanin Anas ɗan Malik, yaron da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu Manzon Allah ya same shi cikin damuwa, ya tsaya yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsun nasa. Daga nan malamai suka ciro halaccin ajiye tsuntsu ga wanda zai ba shi haƙƙinsa. Tambayar da ta rage miki ita ce wa zai ba shi haƙƙin nan bayan Babbar Salla. Irin su suna kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutane, wato mai yiwuwa ya ga 'ya'yanki sun girma. In Hajiya ta karɓe shi, to ita za ta riƙa miƙa masa abinci tun yanzu, ke ki koma share keji da ɗebo ruwa, don ya ɗora sabonsa a kanta, kada ya ɗora a kanki sannan ke ma ki ɓace masa kamar yadda Baba ya ɓace. In kuwa ke za ki tafi da shi, ki faɗa wa angon tun kafin a kai lefe cewa amarya da rakiya za ta zo, mai ihu da asuba, mai watsa ɓawon gyaɗa a tsakar ɗaki, mai kuma maimaita duk abin da ya ji an faɗa a gidan in baƙi sun zo.

Abu ɗaya kuma kada ki yi wasa da shi. Ranar da maganarsa ta dawo, ki ajiye wayarki kusa da kejin tun kafin a kira assalatu ki kunna ɗaukar murya. Ki sake yi lokacin shayi, ki kaɗa cokali a kofi. Aku yana ci gaba da koyo, nan da shekara biyu zai ɗauko tasbihin Hajiya da kukan jikoki da ƙarar sabuwar waya, abin da ya daina ji kuwa yana iya raguwa a bakinsa. Ki ɗauki gyaran muryar da tarin da "a rage sukari", ki adana a wuri biyu. Kada ki tura wa Yaya sai ranar da ya tambaya da kansa. Ki rubuto mini abin da Hajiya ta ce.